Tambayoyin Masu Karatu: Teburin Gahawa na 'Yan Sa Kai da Haƙƙin Manomi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato ƙungiyoyin 'yan sa kai da ke sayar da gahawa a ƙananan garuruwa domin manomin da ya noma ta ya samu haƙƙin guminsa. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila. Wasu maƙwabtana, yawancinsu dattawan da suka yi ritaya, suna kafa tebur duk Asabar a zauren taron gari, suna sayar da gahawa da ganyen shayi da cakulan masu tambarin Fairtrade, wato tambarin cinikin adalci, kuma babu wanda ake biya ko kwabo a cikinsu. Sun gayyace ni in shiga. Mene ne asalin wannan aiki, kuma sadaka suke tarawa ko kasuwanci suke yi? Daga wata mai karatu, Ingila.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kasuwanci suke yi, kuma idan kika tambaye su za su fi son ki ɗauke shi a haka, domin tushen tafiyar tasu shi ne cewa manomin da aka sayi kayansa da farashin da ya dace ba ya bukatar a riƙa tara masa taimako. Irin teburin da kike gani ya haura shekara 50 da kafuwa. A shekarar 1969 'yan sa kai suka buɗe shagon farko na irin waɗannan kaya a garin Breukelen na ƙasar Holan, sannan a 1973 aka shigo da gahawar farko ta cinikin adalci cikin ƙasar daga ƙungiyoyin gama kai na ƙananan manoman Gwatamala. A Ingila kuwa, kamfanin Traidcraft da aka kafa a Newcastle a 1979 shi ne ya yaɗa al'adar, inda mutane ke sarin kaya daga wurinsa su baza a kan tebur a majami'u da makarantu da gidajensu, ba tare da sun ɗauki ladan wahalarsu ba.

Abin da ya ba tafiyar ƙarfi shi ne bala'in da ya auka wa manoma. Har zuwa watan Yulin 1989 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen da ke noman gahawa da masu sayenta, wadda ta ƙayyade yawan abin da kowace ƙasa za ta fitar domin farashi ya daidaita. Da tsarin ƙayyadewar ya rushe, sai farashi ya zube, kuma a shekarar 2001 laba ɗaya, wato giram 454, ta faɗi ƙasa da senti 50 na dalar Amurka, kuɗin da bai kai abin da manomi ya kashe wajen noma ta ba. Shekara guda kafin rushewar, a 1988, Nico Roozen na ƙungiyar agaji ta Solidaridad a Holan da wani limamin Kirista mai suna Frans van der Hoff, wanda ke zaune tare da manoman ƙungiyar UCIRI a jihar Oaxaca ta Meziko, sun ƙirƙiro tambarin cinikin adalci na Max Havelaar domin gahawar manoman ta shiga manyan kantuna. A Ingila an kafa kamfanin Cafédirect a 1991, kuma a 1994 gahawarsa na cikin kayan farko da suka ɗauki tambarin Fairtrade.

Misalin da ya fi dacewa da tambayarki yana kusa da ke. Garstang ƙaramin gari ne mai kasuwa a gundumar Lancashire, mazaunansa 'yan dubbai ne kawai. Wani likitan dabbobi mai suna Bruce Crowther da abokansa na reshen ƙungiyar agaji ta Oxfam na garin sun shafe shekaru suna wa'azin cinikin adalci ba tare da jama'a sun kula su sosai ba. A farkon shekarar 2000 sai suka sauya dabara: suka gayyaci shugabannin gari da masu shaguna da malaman makaranta da limamai cin abinci, aka dafa komai da kayan cinikin adalci da amfanin gonar manoman yankin, sannan aka roƙi kowane baƙo ya yi alƙawarin sayar da waɗannan kaya ko amfani da su a wurin aikinsa. A watan Afrilun shekarar taron jama'ar gari ya amince Garstang ya kira kansa garin cinikin adalci, na farko a duniya, kuma a 2001 gidauniyar Fairtrade ta tabbatar masa da matsayin. Daga baya garin ya ƙulla zumunci da New Koforidua, ƙauyen manoman koko a ƙasar Gana. Yau garuruwan da suka bi sawunsa sun haura 2,000 a faɗin duniya.

A ganina, abin lura a labarin Garstang shi ne inda suka sa ƙarfinsu. Cinikin teburin Asabar ba zai taɓa yin yawan da zai motsa kasuwa ba. Amma idan majalisar gari ta yanke shawarar cewa gahawar da za a sha a zamanta mai tambari ce, makaranta da asibiti da masu gidajen shan shayi suka bi, to an samar da masu saye na dindindin, kuma mai saye na dindindin shi ne babbar bukatar ƙungiyar manoma. Saboda haka ina ba ki shawara ki shiga, amma kafin ki karɓi wani nauyi ki nemi ganin littafin shige da fice, ki san ko ma'aji yana karanta lissafi a gaban kowa, ki kuma duba ko aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya ne. Ki duba kwanan watan da ke jikin fakitocin ma, domin gahawar da aka soya aka niƙa ba ta jure ajiya, kuma wanda ya sayi wadda ƙamshinta ya gudu saboda kunyar maƙwabci ba zai sake dawowa ba. Wata matsalar kuma ita ce tsufan masu aikin. Traidcraft kansa ya durƙushe a watan Janairun 2023, kuma ƙungiyoyi da dama da suka dogara da shi sai da suka nemi sabon wurin sari. Gayyatar da suka yi miki, ke mai sauran ƙarfi, wataƙila daga nan ta samo asali.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, na yi shekaru ina harkar hatsi da riɗi, kuma na san yadda kuɗi ke narkewa tsakanin gona da kanti. A gaya mini gaskiya, nawa ne yake kaiwa hannun manomi daga kuɗin fakiti ɗaya? Daga wani Alhaji, Kano.

AMSA: Ranku ya daɗe, Alhaji, ga lissafin. Hukumar Fairtrade ta duniya, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke birnin Bon na Jamus, tana sanya farashi mafi ƙanƙanta wanda mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba. Tun daga 2011 farashin gahawar arabika wankakkiya dala 1.40 ne a kan laba, sai a watan Agustan 2023 aka ɗaga shi zuwa dala 1.80, ita kuma robusta, ɗaya irin gahawar, wadda aka shanya da ɓawonta ta koma dala 1.20. A kan wannan akwai ƙarin senti 20 a kowace laba wanda ake zubawa a asusun ƙungiyar manoma, su zauna a babban taronsu su yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya ko aji ko injin ɓare gahawa, da sharaɗin cewa senti 5 daga ciki zai tafi ga inganta noman. Wadda aka noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba, kuma aka tabbatar da hakan, tana da ƙarin senti 40. Idan farashin kasuwa ya wuce mafi ƙanƙantan, to na kasuwa za a biya, a ɗora ƙarin a kai.

Yanzu mu ɗauki fakiti ɗaya na giram 227, wanda shi ne aka fi gani a kantunan Ingila. Ɗanyar gahawa tana rage nauyi a wajen suya, don haka ana bukatar kimanin giram 270 kafin a cika fakitin, wato kashi 6 cikin 10 na laba. Idan aka saye ta a kan dala 2, farashi da ƙari a haɗe, abin da ya fito daga fakitin zuwa ƙasar manomi bai wuce dala 1.20 ba. Kuma ku lura, wannan kuɗin ƙungiya ake biya a bakin tashar jirgin ruwa, ita ce za ta cire kuɗin wanki da shanya da tsinta da buhu da mota da albashin ma'aikatanta, sannan manomi ya karɓi saura. Ragowar kuɗin fakitin yana tsayawa ne a wurin mai jirgi da mai suya da mai fakiti da mai kanti. Don haka duk wanda ya ce muku yawancin kuɗin yana komawa gona ya faɗi abin da ba haka ba, kuma ƙungiyar 'yan sa kai mai mutunci ba ta faɗa wa masu sayenta hakan.

Amma akwai wani sashe na tsarin da nake ganin ɗan kasuwa kamarku zai fi kowa sanin darajarsa. Ƙa'idar ta ba ƙungiyar manoma damar neman a ba ta har kashi 60 cikin 100 na kuɗin kwantiragi tun kafin ta miƙa kaya. Kun san abin da ba-da-kaka ke yi wa manominmu, wanda ya ci bashi da damina ya biya da buhu a lokacin da hatsi ya fi araha. Haka manomin gahawa yake sayar da 'ya'yan itacensa tun suna kore ga dillalin da ya ba shi rance. Ƙungiyar da ke da kuɗi a hannu ranar da aka fara tsinka tana iya biyan ɗan ƙungiya nan take, ba sai ya kai wa dillali ba. Itacen gahawa kuma yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, saboda haka manomi ba zai iya tuge shi ya shuka wani abu don farashi ya faɗi bana ba. Mutumin da ke cikin wannan hali sanin ƙasan farashi tun kafin girbi yana ba shi damar tsara kuɗin makarantar yara da na magani.

TAMBAYA: Na karanta cewa farashin gahawa ya yi tashin da bai taɓa yi ba, na kuma ji cewa wasu masana sun soki tambarin. Shin ba a yaudarar waɗannan dattawa masu tebur kuwa? Daga wani ɗalibin tattalin arziki, Zariya.

AMSA: Malam, abubuwan da ka ji duka biyun gaskiya ne. A watan Fabrairun 2025 farashin arabika a kasuwar birnin Niyu Yok ya haura dala 4 a kan laba, saboda fari da zafi da suka taɓa gonakin Burazil da Biyetnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noman gahawa. A irin wannan lokaci farashin dala 1.80 ba ya aiki, ƙarin senti 20 ne kawai ya bambanta mai tambari da marar tambari, har ma ƙungiyoyi kan sha wahala domin dillalai na zagayawa ƙauyuka da tsabar kuɗi suna janye 'yan ƙungiya. Sai dai a 2019, shekara shida kacal kafin wannan tashi, farashin ya sauka ƙasa da dala ɗaya. Wanda ya san tarihin wannan kasuwa ba zai rushe kariya don an samu shekara mai kyau ba.

Sukar masana kuwa tana da nauyi, kuma ban yarda a rufe ta ba. A 2014 wani ayarin masu bincike na makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, ƙarƙashin Farfesa Christopher Cramer, ya fitar da sakamakon aikin da ya yi a Habasha da Yuganda, inda ya gano cewa 'yan ƙwadagon da ke aiki a yankunan da ke da ƙungiyoyi masu tambari sau da yawa ladansu bai kai na takwarorinsu a wasu wuraren ba. Hukumar Fairtrade ta yi jayayya da yadda aka yi kwatancen, amma tambayar da binciken ya tayar tana nan: an gina tsarin ne domin mai gona, alhali wanda ya fi kowa talauci a ƙauye shi ne marar gona da ke tsinka da lada. Akwai kuma matsalar rashin isassun masu saye, domin ƙungiyoyi da yawa suna biyan kuɗin tantancewa duk shekara amma wani kaso kaɗai na gahawarsu suke iya sayarwa a kan sharuɗɗan tambarin, sauran su kai kasuwa kamar kowa.

Wannan matsala ta ƙarshe ita ce ta sa ban ɗauki dattawan a matsayin waɗanda aka yaudara ba. Idan abin da ya hana ƙungiyar manoma cin moriyar tambarin shi ne ƙarancin masu saye, to mutumin da ya shawo kan makaranta guda ta sauya gahawar ɗakin malamai ya taɓa ainihin ciwon. Inda zan ga laifinsu shi ne idan suka ƙi karanta suka, ko suka daina tambayar kamfanin da suke sari a wurinsa sunan ƙungiyar da ta noma kayan da kuma abin da aka biya ta.

TAMBAYA: Na ga yawancin waɗannan tebura a majami'u ake kafa su. Shin ya dace Musulmi ya sa hannu? Daga wata uwa, Yamai.

AMSA: Hajiya, hukunci na malamai ne, amma zan gaya miki yadda aikin yake. Gaskiya ne majami'u sun taka babbar rawa wajen kafa shi, sai dai ƙa'idojin tambarin ba su da sharaɗin addini, hasali ma sun haramta nuna bambanci a kansa. Ɗimbin manoman da ke amfana Musulmi ne, kamar na yankin Jimma da Harar a Habasha da na tsaunukan Gayo a lardin Aceh na Indonesiya. A kusa da garin Mbale na Yuganda ma akwai ƙungiyar Mirembe Kawomera, wadda ta haɗa manoma Musulmi da Kirista da Yahudawa. Cika mudu da biyan ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci kuwa abubuwa ne da muka taso ana yi mana huɗuba a kansu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wurin da ake kafa teburin ba yana iya kafa nasa a makarantar Islamiyya ko zauren unguwa.

TAMBAYA: Mu matasa ne 'yan asalin Mambila da ke zaune a Abuja. Iyayenmu suna da tsofaffin itatuwan gahawa da aka yi watsi da su. Za mu iya kafa irin wannan ƙungiya mu riƙa sayar da gahawar gida? Daga wasu matasa, Abuja.

AMSA: 'Yan'uwa, za ku iya, kuma kuna da abin da mutanen Garstang ba su da shi, wato kun san manoman da sunayensu. Tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba yana da tsayi da sanyin da arabika ke so, kuma noman ya ja baya ne musamman bayan da gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya rasa tabbataccen mai saye. Cibiyar binciken koko ta ƙasa tana da reshe a Kusuku a kan tsaunin, can ya kamata ku fara neman shawara kan datse tsofaffin itatuwa da samun sabon iri. A tsallaken iyaka kuma akwai ƙungiyar UCCAO ta Bafusam a Kamaru, wadda tun 1958 take tattara gahawar ƙananan manoma, kuma akwai abin koyo a wurinta.

Ban ba ku shawarar ku fara da neman tambarin Fairtrade ba. Ana ba da shi ne ga ƙungiyar manoma mai rajista da zaɓaɓɓun shugabanni da lissafi a rubuce, masu binciken FLOCERT, kamfanin da ke tantancewa kafin a ba da tambarin, suna zuwa duba ta, ana kuma biyansu da kuɗin waje, kuma ba shi da amfani sai akwai mai saye a ƙetare da ke jiran kayan. Ku ɗauki ƙa'idojin ku yi aiki da su a gida. Ku zauna da manoma kafin tsinka ku yanke farashi a gaban shaidu, ku biya wani abu a gaba, ku ware ɗan kaso daga kowane kilo zuwa asusun da su manoman za su yanke abin da za a yi da shi, matansu na zaune ana yankewa, domin su ne ke yin yawancin tsinka da tsinta. Ku kuma rubuta ladan 'yan ƙwadago cikin yarjejeniyar tun farko.

Sauran aikin yana ga inganci, kuma a nan ne za a yi nasara ko a faɗi. A tsinki jajayen 'ya'ya kaɗai, a zuba su a ruwa a kwashe masu tasowa, a ɓare su a ranar da aka tsinke, a bar su su kwana har yauƙin ya saki, a wanke, sannan a shanya a kan gadon raga da aka ɗaga daga ƙasa, ana juyawa ana rufewa idan hadari ya taso, har danshin ya sauka zuwa kashi 11 ko 12 cikin 100. Gahawar da aka shanya a dandariyar ƙasa tana ɗaukar warin ƙasa, kuma babu suyar da za ta fitar da shi. Ku sani kuma cewa kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya ne ke ba da kilo ɗaya na ɗanyar gahawa, don kada lissafinku ya ruɗe ku. Ku fara da buhu biyu ko uku masu kilo 60, ku riƙa soya abin da za ku iya sayarwa cikin mako biyu, ku rubuta ranar suya da sunan ƙauyen a jikin leda. Idan za ku kai kantuna sai kun yi rajista da hukumar NAFDAC. Yawancin mutanenmu gahawar gwangwani suka saba sha a teburin mai shayi, don haka ku tanadi butar ɗanɗano a duk inda kuka baza kaya, ku kuma nemi ofisoshi biyu ko uku da otal guda da za su yi muku alƙawarin saye duk wata kafin ku yi wa manoma alƙawarin kaka mai zuwa.